Ƙurar Mushtari da Ƙaryar da Na Kai Doha

Tun ranar da na dawo ƙofar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce in ba ta labarin Doha, waccan ta bugo waya tun ban karya kumallo ba. Na faɗa har muryata ta dishe, kuma duk wadda na ba wa labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai shi gaba. Shekaranjiya a gidan suna na ji ana cewa wai da jar darduma aka tarbe ni a filin jirgi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da hannuna, tunda dai shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa 'ya'yanku rubutu a firamare a nan Malumfashi. Wadda idonta ya yi rauni sai a karanta mata.

Amma kafin in kai ku ko bakin titi, akwai abin da zan sauke daga wuyana. 'Yata Nafisa ba ta aikin man fetur. Ba ta taɓa yi ba. Ni Malama Binta, ni na ƙirƙiro maganar.

Ga yadda aka yi. Shekara huɗu da suka wuce, da ta samu gurbin karatun digiri na uku a Doha, ta kira ni tana murna ta ce, "Umma, bincikena a kan ƙurar da ke yawo tsakanin watannin duniyar Mushtari ne." Watanni irin na sama take nufi, ba na lissafin kwanaki ba. Na ce Allah ya yi albarka, na kashe wayar, na yi zaune. Washegari a islamiyya Hajiya Ladi ta tambaye ni me yarinyar za ta karanta. Ku kun san garinmu. In na ce ilimin taurari, kafin azahar za a ce 'yar Malama ta tafi koyon duba. In na ce ƙura, za a yi mini dariya har a kasuwa, a ce an tura yarinya ƙasar Larabawa ta karanci abin da muke sharewa da tsintsiya. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Harkar mai ce." Ƙarya kuwa ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. A shekara ta biyu mutanen gari suka mayar da Nafisa injiniya, a ta uku suka ƙara mata girma ta zama manaja, ni kuwa ina ta gyaɗa kai.

To da aka ji za ni wajen kare digirinta, sai aka fara sallama da ambulan. Ɗan wannan ya gama bautar ƙasa, ƙanen waccan ya iya tuƙin tanka. Takardun neman aiki goma sha bakwai na tara. Na rasa bakin da zan ce a'a da shi, sai na cusa su a can ƙasan akwati na danne da atamfa.

Ƙanena Sule ne ya kai ni Kano a motarsa, muka bi ta Dayi da Gwarzo. Tun daga gida yake mita a kan kayana. Gero, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu, faifai, ƙwarya biyu, da kabewa guda wadda na raina da hannuna a bayan ɗaki.

"Yaya, Doha za ki ko gudun hijira?" in ji shi.

Na ce ya tuƙa motarsa ya bar ni. Ashe shi ke da gaskiya. A filin jirgi da aka ɗora akwatin a sikeli, yarinyar da ke wajen ta dube ni ta dubi sikelin, ta ce sai an rage. Nan na durƙusa a gaban jama'a ina zaɓe. Kabewar nan dai Sule ya koma da ita Malumfashi a kujerar gaba, kuma na ji labarin ko yanka ɗaya bai aiko wa gidana ba.

A jirgi na zauna kusa da wata 'yar kasuwa, Bakanuwa, mai yawan zobba, za ta wuce saro kaya. Ita ta nuna mini yadda ake ɗaure ɗamarar kujera, ita ta kuma gargaɗe ni a kan bayin jirgi. Duk da gargaɗin, da na danna abin ya yi wata irin zuƙa sai da na yi salati na riƙe zanena. Muna cikin hira ta ce, "Me 'yar taki take yi a can?" Mace ce da ba ta san ni ba, ba za ta sake ganina ba, muna tsakanin sama da ƙasa inda ya kamata mutum ya ji tsoron Allah. Amma wallahi sai na ji na ce, "Harkar mai."

Filin jirgin Doha gari ne guda. Na yi tafiya har ƙafafuna suka yi tsami kafin in kai wajen masu duba fasfo. Wani saurayi cikin farar jallabiya ya ce in kalli wata 'yar na'ura. Na gyara ɗankwali na yi murmushi na ɗan lumshe ido, yadda ake yi wa mai hoto. Ya ce in buɗe ido. Ashe ƙwayar idon suke so, ba kyan fuska ba. Daga nan aka ce in buɗe akwati. Jami'in ya kwance ƙullin farko, kuka ce, ya shinshina ya ajiye. Ya kwance na biyu. Daddawa. Bawan Allah ya ja da baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zo ya ja da baya. Na tattaro Larabcin islamiyya na ce, "Ɗa'am! Ɗa'am!" wato abinci, ina nuna bakina. Suka dubi juna, suka dubi furfurata, sai na farkon ya ɗaure ƙullin da sauri yana dariya ya ce, "Khalas, Hajja, yalla." Wato shi ke nan, in kama hanya. Kalmomi biyun nan su na fi ji a ƙasar har na dawo.

Ina fitowa na hango Nafisa tana tsalle kamar ba matar aure ba. Ta rungume ni, ƙamshinta na nan yadda na san shi. Mijinta Auwalu, wanda ke aikin haɗa magunguna a wani asibiti, ya durƙusa har ƙasa a kan tayil ɗin nan mai sheƙi ya gaishe ni, Turawa na wucewa suna kallonsa. Raina ya yi fari ƙal.

A Al Gharrafa suke zaune, a saman wani gida da aka raba wa 'yan haya. Ɗakuna masu kyau, amma babu tsakar gida, babu inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya ga sama. A waje zafi kamar bakin murhu, a ciki kuwa na'urar sanyi ta sa ni kwana da rigar sanyi da safa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maƙwabtaka. Shekara biyu suna gidan ba su san sunan na ƙasansu ba. Washegari da hantsi na yafa mayafi na bi ƙofa-ƙofa ina gaisuwa. Wata 'yar Filifin ta buɗe a tsorace ta ɗauka gobara ce. Uwar mai gidan kuwa, wata dattijuwar Balarabiya, ta ja ni har falo ta zaunar da ni, aka kawo dabino da gahawa mai ɗaci a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na shanye don kada in yi rashin ladabi, na miƙa kofin. Aka sake cikawa. Na shanye, na miƙa, aka sake cikawa. Sai da na sha bakwai, zuciyata na bugawa kamar ganga, kafin Nafisa ta biyo sawuna ta raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Na girgiza shi da ƙarfin da sai da tsohuwar ta riƙe ciki don dariya.

Kwana biyun farko haka muka yi su cikin raha. A rana ta uku Nafisa ta ce bari ta jera mini kayana a kabad. Ina kicin ina jiƙa kuɓewa, na manta shaf da abin da ke ƙasan akwati. Sai na ji ta ƙyalƙyale da dariya.

"Umma, wace ce Injiniya Nafisa, Manajar Ɗaukar Ma'aikata?"

Na fito hannuna da danshi. Tana zaune a bakin gado, ambulan a baje a cinyarta. Ta ɗauka kuskuren mutum ɗaya ne. Ta duba ta biyu, ta duba ta uku, dariyar ta fara raguwa. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na sha jinin jikina, na kama kallon labule.

"Umma, me kika ce musu ina yi?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai ta san mutanenmu, ai ba kowa ke ganewa ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Shekara huɗu, Umma. Duk ranar da na kira ki ina ba ki labarin aikina kina cewa Allah ya yi albarka, ashe kunyarsa kike ji." Ta haɗa takardun ta daidaita bakinsu ta ajiye a kan tebur. Da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ranar Lahadi ta sama ba sai kin wahalar da kanki ba. Turanci ne da lissafi, kuma duk a kan ƙura ne. Ki huta a gida."

A can Lahadi ranar aiki ce, kuma ita ce ranar da za ta tsaya gaban malamanta, ranar da na tsallako ƙasashe dominta. Saura kwana takwas. Na zauna a bakin gadon, na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun ina amarya. Takardun kuwa Auwalu ya kwasa ya ce zai nuna wa wani abokinsa mai aikin gas na gaskiya. Masu su ku ji da kyau, ban yi wa kowa alkawari ba.

Ku iyaye ne, kun sani. Mu ba mu iya ba wa 'ya'yanmu haƙuri da baki ba. Uwata ba ta taɓa ce mini yi haƙuri ba, in ta ɓata mini sai dai in ga ƙarin nama a kwanona. Ni ma hanyar da na sani ke nan. Na yi dambu, na yi tuwo miyar kuka da man shanu, na yi ɗanwake. Nafisa ta ci, ta ce, "An gode, Umma, Allah ya saka," yadda baƙuwa ke godiya, ta koma gaban kwamfutarta. Gaisuwa ba ta fasa ba, ladabi ba ta rage ba, amma hira ta mutu.

Sai na ce saura fura, don tun tana ƙarama in ta ga fura ba ta ganin kowa. Ga gero na kawo, amma babu turmi. Auwalu ya ce in akwai turmi a Doha to a Al Asmakh yake. Muka hau jirgin ƙasansu na cikin gari, wanda ba shi da direba. Na je har gaba na leƙa don in tabbatar, babu kowa, gilashi ne kawai da hanya. Na karanta duk addu'ar da na sani na zauna.

Al Asmakh ce unguwar da ta kwanta mini. Tsofaffin gidaje, ƙananan kantuna, lunguna, mutane na zaune a bakin shago suna shan shayin madara mai kauri da suke kira karak. Mun shiga shago wajen biyar ana nuna mana 'yan turamen tagulla na dakan citta, kafin aka kwatanta mana wani dattijo. Ina shiga ina yi wa Auwalu mitar ƙafata, sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, 'yar'uwa. Mutanen gida lafiya?" Na juya, ashe dattijon ne. Sunansa Baba Adam, mutumin Sudan ne, kakanninsa Hausawa ne da suka tafi aikin hajji a ƙafa suka yada zango a hanya ba su koma ba. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta kakata ce. Ya shiga can ciki ya fito da turmin itace da taɓarya, ya sa aka kawo mana karak. Auwalu ya riƙe nasa kofin har ya huce, don ba zai sha a gaban surukarsa ba.

A hanyar dawowa, yana kallon ƙasa, ya ce, "Umma, ki gafarce ni in na yi shisshigi. Ba abinci take jira ba. Ba ki taɓa tambayarta yadda aikin yake ba. Ki tambaye ta kawai."

Na ce masa na ji. A raina kuwa na ce ka ji yaro da iyayi, amma maganar ta zauna.

Na fara surfe a kicin. Ban yi bugu ashirin ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, maƙwabcin da ke hawan ƙasa ne, ya ce fitilar ɗakinsa na rawa, ko gini ake rushewa? Dole na kinkimi turmi na hau rufin gidan, can wajen tankunan ruwa. Bayan la'asar ne, rana ta yi sanyi, iska na tasowa daga wajen teku. Na gama surfe na bar shi ya sha iska, na ɗaga ƙwarya sama na fara sheƙa. Ina cikin yi na ji motsi. Nafisa ce ta kawo mini ruwa. Ta ajiye za ta juya, ni kuwa ban dube ta ba, don in na dube ta ba zan iya ba, na ce, "Zo ki koya mini ƙurar nan taki. Yau ni ce ɗaliba."

Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta jawo turmin ta kafa shi a tsakiya ta ce wannan shi ne Mushtari, duniyar da za ta haɗiye irin tamu fiye da dubu. Ta tsinci 'yan duwatsu huɗu ta jera a gefensa, ta ce watanninsa suna da yawa amma waɗannan su ne manya, kowane na zagaya shi a kan hanyarsa. Ta ce ƙananan tsakuwoyi na sararin sama suna faɗa wa watannin nan da mugun gudu, duk bugu sai ƙura ta tashi. Yawancinta ta koma ta kwanta, wata kuwa ta kuɓuce ta shiga zagaye. Watan da ya fi kusa da turmin kuma duwatsu masu aman wuta gare shi, kullum cikin feso toka yake.

"Ki dubi sheƙar da kike yi, Umma. Tsaba ta faɗa ƙwarya. Dusa mai kauri ta zuba kusa da ƙafarki. Mai laushin ta tafi rufin maƙwabta. Aikina shi ne in lissafa, in ƙwayar ƙura mai girma kaza ta tashi daga wata kaza, ina za ta, kuma shekara nawa za ta yi tana yawo."

Na ajiye ƙwaryar. Na ce, "Tsaya. Na koyar a aji shida cewa babu iska a can sama. To in babu iska, wa ke yin sheƙar?"

Jama'a, da kun ga fuskar yarinyar nan. Kwana biyar rabon da in ga haƙoranta. Ta ce, "Umma, wannan tambayar ita ce digirin gaba ɗaya!" Ta tuna mini wasan da nake yi wa 'yan aji, in goga biro a gashi ya ɗauki 'yan guntayen takarda. Ta ce haka ƙurar can take ɗaukar lantarki. Shi kuma Mushtari ƙaton maganaɗisu ne, yana juyawa a kan kansa sau ɗaya cikin awa goma ko kusa da haka. To maganaɗisun nan mai juyawa shi ke fizgar mafi laushin ƙurar ya wurga ta can nesa, ta bar gidan gaba ɗaya. Mai kaurin kuwa ta fi ƙarfinsa, sai ta yi ta zagaye tsakanin watannin har ranar da za ta ci karo da ɗayansu.

Na ce to na ji, amma me za a yi da sanin? Ta ɗaga dutse na biyu ta ce wannan watan ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, kuma masana na ganin akwai teku a ƙarƙashinta. Sauka a kansa abu ne mai wuya. Amma in kumbo ya gifta ta kusa ya cafki ƙurar da ta tashi daga jikinsa, za a san abin da ke wajen ba tare da an sauka ba. Sai dai dole a san wace ƙura ce ta wane wata, kuma a ina za a tare ta.

Na ce, "Au! Kamar yadda nake gane abin da Hajiya Ladi ke daka daga garin da ke sauka a kan shanyata?"

Ta yi dariya har da riƙe tanki. Muka sauko tare, na ƙarasa aikin, da daddare ta sha fura kofi biyu. Amma maganar Lahadi ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba. Na gane cewa abin da na ɓata a gaban mutane na ɓata shi, ba a kan rufi daga ni sai ita zan gyara shi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka tafi wata gona a Umm Salal, can arewacin gari, inda Hausawan Doha kan haɗu lokaci-lokaci. Ga dabino, ga awaki, ga ƙasa ta gaske da mutum zai taka, har na ji kamar in cire takalmi. Likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a da matansu, Hausa na tashi ana yayyafa mata Turanci da yalla da khalas. Aka kawo shinkafar da suke kira majbus a manyan faranti, da rago kwance a kai, kowa ya sa hannu. Shinkafar ta yi daɗi, sai dai yaji bai ratsa ta ba, na zaro nawa daga jaka, kafin ka ce me ƙullin ya zagaye tabarmar mata ya tsallaka ta maza.

Ana cikin shan shayi wata Hajiya Maryam, matar wani likita, mace mai barkwanci, ta ce da ƙarfi, "Hajiya, don Allah ke kin gane abin da 'yar nan taki take yi? Mu shekara huɗu mun kasa. Sarkin Shara muke kiranta." Aka yi dariya, har da Nafisa, irin dariyar wanda ya saba. Na ga ta sunkuyar da kai tana wasa da cokali.

Da na yi murmushi na ce sai su 'yan boko, da an wuce wajen. Sai na ji na miƙe tsaye, na gyara mayafi yadda nake yi in zan shiga aji, na tafa hannu sau biyu. Har mazan suka juyo.

Na ce, "Kafin in amsa, ku shaida. Shekara huɗu ina gaya wa mutanen garinmu cewa 'yata aikin mai take yi, don ina jin kunyar in ce ƙura. Ƙarya na yi, kuma jahilcina ne ya sa. Yanzu ku matso da farantin dabinon nan."

Na kafa butar shayi a tsakiya, na jera dabino huɗu. Na yi musu bayanin tsakuwoyin da ke faɗa wa watanni, da mai aman wuta, da mai ƙanƙara da teku a ciki. Na tambaye su wa ke sheƙa inda babu iska, likitoci da injiniyoyi suka kama kallon juna, na ce to ku saurara. Na kawo biro da gashi, na kawo maganaɗisu. Daɗin bakina ya ɗebe ni na ce yana juyawa sau ɗaya cikin kwana goma.

"Awa goma, Umma."

Daga bayana muryar Nafisa ta fito. Na juya, idanunta sun cika taf, tana dariya. Na ce, "Awa goma. Kun ji Malama ta gyara." Aka sa tafi. Hajiya Maryam ta rantse yau ta fara ganewa, wani injiniya ya ce a ba ni aiki a jami'a. Bayan sallar magariba Nafisa ta ɗauko wani madubin hangen nesa daga bayan mota ta kafa, manya-manyan mutane suka yi layi. Da na sa idona na ga wani ɗan farin faifai da ɗigo huɗu a jere kusa da shi, ƙanana ƙwarai, sun yi shiru abinsu. Na ce Allahu Akbar, na kasa matsawa, sai da aka ce Hajiya a bar wa na baya.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka shigo gari. Sai Nafisa ta ce, tana kallon taga, "Umma, wane kaya za ki sa ranar Lahadi?"

Na ce, "Shuɗin leshin nan. Tun ranar Talata na goge shi."

Ɗakin da aka yi abin ranar Lahadi ba babba ba ne, sanyi kuwa kamar cikin firji. Malamai huɗu a gaba, na biyar yana cikin allon bango daga wata ƙasar Turai, sai ɗalibai da ma'aikata a baya. Turancin firamare ba ya kamo irin nasu, cikin kalma goma da ƙyar nake tsintar biyu. Amma da ta sako hoton lissafinta, ga ƙaton ƙwallo a tsakiya, ga ɗige-ɗige suna zagaya shi, wasu jajaye suna fita da gudu suna barin allon, na manta da surukuta na zunguri Auwalu na ce, "Ka ga mai laushin can ta tafi!" Suka yi mata tambayoyi fiye da awa guda, tana amsawa, wani mai gemu ya matsa mata, ta je allo ta rubuta masa har ya gyaɗa kai. Aka fitar da mu, muka tsaya a baranda ina ta jan carbi, aka sake kiran mu. Shugabar malaman ta miƙe ta miƙa mata hannu, ta kira ta Dokta.

Kun san a gida uwa ba ta yi wa 'yarta guɗa. Kawaici ake yi, a bar wa gwaggo da maƙwabta. Na waiga dama, na waiga hagu, babu gwaggo, babu maƙwabciya, daga ni sai baƙin fuskoki suna ɗan tafi a hankali. Na kama hancina na rangaɗa ta, irin doguwar nan ta ranar kai amarya. Baturen cikin allo ya cire abin kunnensa yana dubawa ko shi ya lalace. Sai daga can baya wata Balarabiya da ban taɓa gani ba ta ɗora hannu a baki ta amsa mini da irin tasu, wata ma ta karɓa, ɗaki ya rikice da dariya da tafi.

Mai gemun nan ya sunkuyo ya tambayi Nafisa wace ce wannan. Wannan Turancin kam na ji shi tas. Ta share idonta ta ce, "Mahaifiyata ce. In akwai sauran tambaya a kan ƙurar, ku yi mata."